Wasiƙa a Cikin Takalmi

Auta yarinya ce mai shegen tsoron allura. Ko ƙofar asibiti ta hango, sai ta maƙale a jikin Umma.

Umma tela ce, ba ta da albashi. Duk wata ita take biya musu kuɗin inshorar lafiya, kowa da katinsa. Da katin ake duba su a asibiti.

Wata rana Auta ta tsinci wasiƙa a bakin ƙofa, daga kamfanin inshora. An ce wanda ya je gwajin lafiya a wannan watan za a rage masa kuɗi. Wanda bai je ba, za a ƙara masa. Da idonta ya kai kan "ɗibar jini", sai ta tuna da allura. Ta naɗe wasiƙar, ta cusa a tsohon takalminta.

Wata ya ƙare, kuɗi ya hau. Umma ta daɗe zaune a gaban keken ɗinki ba ta taka ba.

"Ba zan iya biyan biyu ba," in ji ta. "A bar naki, a rufe nawa."



Ba a jima ba tari ya kama Umma. Keke ya yi shiru. Masu ɗinki suka fara zuwa suna karɓe yadinsu.

"Umma, mu je asibiti mana."

"Da wane katin, 'yar nan? Zai wuce."

Bai wuce ba. Umma ta rame, ko tsintsiya ba ta iya ɗauka.

A makaranta Malama ta ga Auta tana hawaye a kan littafi. Ta tambaye ta, Auta ta faɗi komai.

"Kin yi ba daidai ba," in ji Malama. "Yau ɗin nan za ki gaya mata."

Da ta koma gida, Auta ta kawo takalmin gaban Umma, ta ciro wasiƙar. Umma ta karanta wasiƙar. Ba ta doke ta ba.

"Saboda allura ɗaya, Auta?"

Da dukanta aka yi, da ya fi mata sauƙi.

Washegari suka je ofishin inshora. Wata ma'aikaciya ta saurare su, ta ce, "An ƙara wa'adi, amma saura kwana biyu a rufe gwajin gaba ɗaya. Ku yi yau. Sannan ku haɗa katinku ya zama na iyali, ya fi araha."

A asibiti Auta ce ta fara miƙa hannu. Ta yi kuka har da majina, amma ba ta janye ba. Aka buɗe katin Umma, likita ya ba ta magani.

Bayan sati biyu Auta ta dawo daga makaranta. Tun daga waje ta jiyo ƙarar keke. Ta ruga ta rungume Umma.

"Na daina ɓoye miki komai," in ji ta. "Zafin allura minti ɗaya ne, ɓoye gaskiya kuwa ya kusa raba ni da ke."