Mazaunin Diski na Biyu

Na rasa muryar maigidana, na samu ƴata. Cinikin ke nan, kuma ni Ƙande, wadda duk kasuwar Magariya ta san ba a yi mini wayo a kan mudun gyaɗa, ni na ƙulla shi da bakina.

Marigayi maigidana, wanda gari ke kira Gajere mai foto, ya bar mana shago a zauren gida, da wata babbar na'ura a ƙuryarsa da suke ce wa sarbar, uwar ordinatocin shagon, wato kwamfutoci. Cikinta hotunan mutane ne tun daga nan har Dungas: suna, biki, walimar sauka, fuskokin tsofaffin da ƙasa ta rufe. Mutum zai taso daga Kwaya a amalanke ya ce a fitar masa da hoton mahaifinsa, a fitar. Cikinta kuma akwai nawa. Karatuna bai kai na wasiƙa ba, don haka in zai tafi Kano saro kaya sai ya ɗauki muryarsa ya bar mini. Kowane saƙo da "Albarka, kina ji na?" yake farawa. Sunan da ya laƙaba mini ke nan, wai ko sarki ya taya kayana sai na ce albarka tukuna. Bayan rasuwarsa, kullum in na idar da magariba, autata Ruma'isa takan kunna mini ɗaya in ji.

Diski biyu ne a cikin na'urar, marigayi yana ce musu tagwaye. Duk abin da aka zuba wa Hasan, na'urar da kanta take kwafa wa Husaini, don in ɗaya ya mutu ɗaya ya tsaya. Hasan ake buɗewa kullum. Husaini kuwa sai dai a zuba masa, ba mai leƙa shi.

Ruma'isa ta karanto informatik, ilimin kwamfuta, a Damagaram. Da bazara ta ce aikin kwafar nan yana shaƙe na'urar, kamar mace mai daka da goyo. Ta sa aka kawo wani kart mai faɗin tafin hannu, Rayid sunansa, wanda zai riƙe tagwayen da kansa, na'ura ta huta.

"Amma sai an raba su, Inna," in ji ta. "A cire Husaini a ɗaura a kart, kart ya share shi tas. A kwashe kayan Hasan a zuba masa. Sannan Hasan ya biyo."

"In Hasan ya mutu a tsakani fa?"

"Shi ya sa na ce a sayo na uku a ajiye kwafi."

Mai kayan ya faɗi kuɗinsa, na taya, ya ƙi, na ce ya jiƙa abinsa ya sha.

Ranar da abin ya faru, rana ta yi ja, kaji sun fara neman makwanci, iska ta tsaya cak kamar an rufe gari da faifai. Ina tsakar gida ina alwala. Ruma'isa na zaure, tana so ta gama kafin a ɗauke kuran, wutar lantarki. Na ce ta bari a yi salla, magariba ba lokacin taɓa abu ba ce.

"Danna ɗaya ne, Inna."

Ta danna. Ba ta yi bisimilla ba. Ko ruwan zafi ba ma zubarwa a wannan lokaci sai mun ce masu wuri su gafara, amma ba wanda ya taɓa gaya mana diski ma wuri ne.

Ladan bai kai ƙarshen kiran salla ba dutse ya faɗo kan kwanon zaure. Na ce yaran unguwa ne. Na biyu ya faɗo gaban butata, a miƙe daga sama, ba ta kan katanga ba. Na ɗauka, na ji shi da ɗumi kamar daga murhu aka zaro shi. Na kira Ruma'isa, shiru. Na shiga na same ta zaune, hannuwa a cinya, hasken gilashin na'ura a fuskarta. Kwafar ta yi nisa sannan ta tsaya, Hasan yana ƙas, ƙas, kamar tsaka a bango.

"Kada a kashe, Inna," ta ce, ba ta juyo ba. "In Hasan ya tsaya ba zai ƙara tashi ba."

Daga nan aka yi kwanaki ba ta ƙara magana da muryarta ba.

Daga ranar zauren nan ya zama mana kurkuku. Na'ura ba dama a kashe ta, ba ta ɗaukuwa. Ruma'isa ba ta fituwa. Maza suka kama ta za su fitar da ita, da suka kai bakin ƙofa ta yi nauyi kamar buhun gero jiƙaƙƙe, duwatsu suka yi ta sauka har suka sake ta. Ni kuma ba na iya barinta, rumfata a kasuwa ta zama ta awaki. Masu neman hoto sukan tsaya daga nesa su yi sallama su juya. Maƙwabta suka koma miƙo tuwo ta kan katanga. Zafi ya cika ɗakin, ga ƙugin na'ura, ga ƙas ɗin Hasan yana ƙara yawa. Kuma duk magariba, in duhu ya fara taruwa a kusurwoyi, sai ƴata ta juyo a hankali, ta buɗe baki, muryar ubanta ta fito.

"Albarka, kina ji na?"

Aka ɗauko Malam Ajimi daga Yekuwa a kan moto, tsoho siriri mai farin gemu, ya iso bayan la'asar. Ya sa na faɗa masa komai, har zancen tagwaye. Ya ce, "Wanda ba a buɗewa, shi aka share?" Na ce shi. Ya girgiza kai, ya zauna a tabarma ya fara karatu.

Ya daɗe yana yi. Inuwa ta haye bango, hasken ƙofa ya koma toka-toka. Can jikin Ruma'isa ya ɗau rawa, wuyanta ya sandare, wata murya ta fito mai kauri, ba tata ba, ba ta ubanta ba.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wane ne kai?"

"Mazaunin Husaini."

"Musulmi ne?"

"Tun kafin a yanke wa kakanka cibiya."

"To me ya kai Musulmi jikin ƴar mutane?"

"Gida ta rushe mini ina ciki. Kukata aka sare, na yi ta yawo, na samu ɗaki a jere, kullum ana ƙara kaya, ba mai shiga. Na taɓa muku wani abu? Sai ranar nan, ba sallama, ba gafara, aka share ni da tarkacena." Hannun ƴata ya tashi ya dafa ƙirjinta. "Gida a bakin gida. Na zauna a nan."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Albarka."

Malam ya waiwayo. Ya rage murya ya ce, "Baiwar Allah, ina iya matsa masa, amma yana da haƙƙi, yarinyar kuma ta galabaita."

"Malam, riƙe karatunka kusa. Ciniki nawa ne."

Na gyara zama kamar a rumfa. Na ce, "Yarinya ba ta sayarwa ba ce. Sauko."

"To a ba ni Hasan yadda yake."

"Albarka. Kayan ciki amanar mutane ne. Ka taɓa ganin an sayar da akuyar ajiya? Ga rumbu a bayan gida, ba kowa ciki."

"Ni da ɓeraye?"

"Ga tsohuwar rijiya."

"Da masu ita. Ba ma ga maciji." Ya yi wata dariya da ta sa kwano ya amsa. "Ya faɗa, ya ce kanki dutse ne."

"Wa?"

"Mai muryar. Kullum magariba ke kina ji a Hasan, ni ina ji a Husaini. Na saba da shi. To ga magana ta ƙarshe. Hotunan mutane su wuce, na buɗe hanya. Muryarsa ta zauna a Hasan, Hasan ya zama nawa, kada a ƙara buɗewa. Gida ba kaya kango ne."

Nan aka ɗauke kuran. Ɗaki ya yi duhu sai hasken gilashi, batir ya karɓa yana kuka ƙasa-ƙasa.

"Ɗauki rabi," na ce.

"Duka."

"Bar mini ɗaya tal."

"Duka."

Akwai dabarar da ba ta taɓa ba ni kunya ba. Na miƙe, na kaɗe zanena, na ce to kowa ya riƙe kayansa, na nufi ƙofa. A kasuwa kafin ka kai rumfa ta gaba an kira ka. Na taka a hankali. Na kai bakin zaure. Na dafa ƙyaure ina jira. Bai kira ba. Batir na kuka, Hasan na ƙas, ƙas, Malam na jan carbi. Sai na ji wata ƴar murya, siririya kamar daga ƙasan tulu.

"Inna."

Na dawo na zauna. Na dubi leɓɓanta da suka tsattsage, da ƙashin wuyanta da ya fito.

"Gyara fa?" na ce. "Ba a ciniki da ni ba gyara."

"Wace irin mace ce wannan, Malam? Faɗi."

"In ji sau ɗaya. Ba ta bakin ƴata ba. Ta na'ura."

Ba wanda ya taɓa komai, lasifika ta yi ƙara, sai ga muryar maigidana, da hayaniyar tasha a bayansa. "Albarka, kina ji na? Na sauka lafiya. Zafi a Kano ba a magana. Ki ce wa Ruma'isa ta rufe na'ura da ƙyalle saboda ƙura. Gyaɗar nan kuma kada ki sayar sai na dawo, ko da yake na san ba mai iya saye a hannunki." Ya yi dariyarsa, ya yi tari, ya ƙare.

Malam ya sa mazaunin Husaini ya rantse da Wanda ya halicce mu da su, ba zai ƙara kusantar gidan nan ba. Ya rantse. Suka jira ni.

"Na sallama."

Ruma'isa ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale a jikina, zufa ta karyo mata. Hasan ya daina ƙas. Layin kwafa da ya daɗe a tsaye ya motsa, ya ci gaba da tafiya har ya cika.

Da safe ta duba, hotunan gari duka sun haye, ba wanda ya ɓata. Wurin muryar ubanta ne kaɗai fayau. Malam ya naɗe Hasan a farin ƙyalle ya tafi da shi, ya ce akwai kuka mai kogo a hanyar Yekuwa. Na aika aka sayo sabon diski ya zama abokin Husaini, Ruma'isa ta yi bisimilla da ƙarfi, ta ce masu wuri su gafara, kafin ta ɗaura shi a kart.

Yanzu in na idar da magariba nakan zauna a kan buzu har isha, ba abin kunnawa. Matan kasuwa suna tsokanata, wai Ƙande ta gamu da wanda ya fi ta. Su faɗa. Ya taya ƴata, na ce albarka. Ya taya amanar gari, na ce albarka. Na sallama a kan muryar maigidana, duka, da gyaran ji ɗaya.