Marin da Aka Sa wa Maliki

Kwana tara ke nan Shatu na kai wa ƙaninta Maliki tuwo a turken awakin baffansu Sha'aban, inda aka ɗaure shi da mari kamar ɓarawon shanu. Wayyo maraici! Tun shekarar da 'yan bindiga suka harbe mahaifinsu a gabansa a hanyar kasuwa kan yaron ya taɓu. Ba ya zagi, ba ya duka, sai dai ya zauna yana hira da mamacin, in kuwa ya ji ƙarar bindiga ya toshe kunnuwa yana kyarma. Wai wannan bawan Allah ne ya harbi mutum!

A ƙauyensu na gefen Zango, in an ɗaura aure samari kan ɗura wa bindigar toka albarushi zalla su harba sama don murna. A wani ɗaurin aure ana harbawa sai Fadila 'yar maƙwabta ta faɗi, jama'a suka watse. Da aka dawo sai ga Maliki durƙushe a kanta, jini har gwiwar hannu, bindigar Baffa yashe a gefe. Nan take Baffa da ɗansa Yazid suka rantse shi ya ɗauki bindigar ya harba. Fadila na asibiti a Daura ba ta san wanda ke kanta ba, Shatu kuwa ko rijiya ta je sai mata su janye bokitansu.

"Baffa, don girman Allah ka kwance shi," in ji Shatu tana durƙushe, hawaye shaɓe-shaɓe. "Ƙarfen ya ci ƙafarsa har tana ruwa..."

"Rufe mini baki! Mahaukaci kike wa shaida? Gobe zan kai shi gidan mari mai nisa, can zai ƙare rayuwarsa!"

Ta koma gindin turken ta ɗaga hannu sama. "Ya Allah, ba mu da uwa, ba mu da uba, Kai kaɗai Ka rage mana..."

Washegari da hantsi motar da za ta tafi da shi na ƙofar gida, sai ga Murjanatu uwar Fadila ta faɗo, dagaci da 'yan sanda a bayanta.

"Ku sake shi! Fadila ta farfaɗo! Yazid ne ya harba yana yi wa 'yanmata burga! Kowa ya gudu, Maliki ne kaɗai ya rarrafo yana kyarma ya danne mata raunin. Likita ya ce ba don shi ba da jini ya ƙare mata!"

Yazid ya zube yana kuka, ya ce bai san babansa ya ɗura wa bindigar gutsattsarin ƙarfe saboda ɓarayin tumaki ba, kuma uban ne ya ce a laƙa wa Maliki, tunda ba mai jin maganar mahaukaci. 'Yan sanda suka sa wa Baffa da ɗansa ankwa ana Allah wadai. Dagaci ya ce da kansa zai kai Maliki wurin likitan ƙwaƙwalwa.

Da maƙeri ya sare marin, Shatu ta rungume ƙafar tana kuka. Shi kuwa Maliki ankwar hannun Yazid yake kallo.

"Yaya," ya ce a hankali, "ki ce su cire masa. Wallahi da ciwo."