Ranar da Aka Yanke wa Matsattsaku Hukunci

A zamanin Sarki Raja Alang na Kuala Temiang, daidai lokacin da iska ke juyo da jiragen fatake gida, wani jirgin masoro ya sauke kaya a bakin gaɓa, ya sauke agana tare da su. Kafin ruwan sama ya ɗauke, cutar ta cinye unguwar masunta, ta haura fada, ta ɗauke 'ya'yan sarki maza biyu. Saura autansu, Tengku Bongsu. Can saman kogi kuwa, ƙanen sarki, Raja Indut, ya tara jiragen yaƙi, yana jiran labarin mutuwar na ukun don ya karɓi sarauta.

Mai maganin fada a lokacin shi ne Tok Kelana, tsoho mai bakin tsiya, wanda ke rantsuwa ya taɓa cire wa kada haƙori. Wannan dai babu shaida. Abin da ke da shaida shi ne dabarar da ya koyo wurin fataken Indiya: a tsaga fatar dantse da allura, a shafa ɗan ruwan ƙurjin wanda agana ta zo masa da sauƙi. Mutum zai yi zazzaɓi, ya fitar da 'yan ƙuraje, galibi ya tashi, cutar kuma ba ta sake komawa kansa. Ya yi wa 'ya'yan masunta, ba duka suka tsira ba, amma gidajen da ya shiga ba su yi kukan da maƙwabtansu suka yi ba.

Sai dai dokar ƙasar ta girmi sarkin kansa. Duk wanda ya zubar da jinin gidan sarauta, ko ɗigo ɗaya, a soke shi a jefa kogi. In sarki ne da hannunsa, ya sauka daga gado.

Tok Kelana ya faɗi gaban sarki ya ce, "Ranka ya daɗe, ɗan tsagi ne kawai zan yi wa Tengku Bongsu, bai kai yaƙushin kyanwa ba."

Waziri Tun Perba ya furzar da abin taunarsa ya ce, "Tok, ko yaƙushin ne, kanka ne kuɗinsa. Kan naka ya ishe ka ne?"

"Ya yi mini nauyi, Waziri, amma na saba da shi."

Sarki bai yi dariya ba. Ya ce, "Ba na karya dokar kakannina, ƙanena na jira. Ba na kuma son haƙa kabari na uku. Ku tashi."

Tsohon ya fita yana ƙunƙuni, ya ratsa gonakin shinkafa, ruwa har gwiwa. Da ya hau tudu sai ya ga matsattsaku maƙale a ƙwaurinsa, ya sha jini ya yi bul. Ya tsaya yana kallonsa, ya daɗe, sannan ya fashe da dariyar da ta tayar da tsuntsaye.

Washegari da hantsi, fada cike, Tok Kelana ya ajiye tulu da ruwa a ciki. Ya ce, "Ɗan sarki, an ce kai matsoraci ne, wai ba ka iya tsoma hannu nan."

"Wane maƙaryacin ya faɗa?"

"Ni."

Tengku Bongsu ya naɗe hannun riga ya tsoma har gwiwar hannu. Da ya ciro, ga baƙin matsattsaku maƙale a dantsensa. Fadawa suka yi salati. Tok Kelana ya harɗe hannuwansa a baya don kowa ya gani, har abin ya ƙoshi ya faɗo da kansa. Bayan jinin ya tsaya, ya shafa ruwan ƙurji a wurin da gashin kaza.

Waziri ya miƙe. "Jinin sarauta ya zuba. Doka sai ta ci wani."

Idanu duka suka koma kan tsohon. Sarki ya dubi ɗansa, ya dubi tabarma, ya ce, "Wa ya sha jinin?"

"Ga shi can yana rarrafe, ranka ya daɗe."

"A kira hauni."

Aka buga tambari. Hauni ya zo da cikakkiyar shiga, ya durƙusa, ya barbaɗa wa mai laifi gishiri. Sannan sarki ya ce a hankali, "Tok, in yaron nan bai tashi ba, babu matsattsakun da zai tsaya maka."

Zazzaɓi ya kama yaron, ya yi ta sambatu, tsohon na zaune a bakin ƙofa. Ƙuraje suka fito ƙalilan, suka bushe. Wata safiya Tengku Bongsu ya farka yana faɗa, wai wa ya hana a kawo masa gasasshen kifi.

Masu riƙe da tarihin garin sun ce Raja Indut bai taɓa sauko da jiragen yaƙinsa ba. Agana ta riga shi, ta shiga sansaninsa. Jirgi ɗaya ya aiko, ba mashi ba garkuwa, sai 'ya'yansa mata da roƙon a yi musu abin da aka yi wa ɗan yayansa. Sarki ya karɓe su, aka yi musu da matsattsaku, ya kuma sa aka yi wa duk yaran gari tsagin, da allura, a ƙofar fada.

Haka mulki yake. Sarki mai jirage ɗari ya kasa huda fatar ɗansa don ya cece shi, sai da Allah ya aiko abin da ke kwance cikin taɓo.