Ƙofar Kaka Ma'u Ta Ƙi Rufuwa

Gab da magariba na sauka daga mota a Rusairis, kwamfutata a jaka, raina a ɓace. A sabon ƙauyen da aka mai da mu bayan an ƙara wa madatsar ruwa tsayi, in kana son intanet sai ka hau rufin ɗaki kana ɗaga hannu. Shi ya sa duk aikin da zan ɗora sai na zo nan gari, shagon intanet na Uzairu.

Aikin kuwa shafi ne na tsohon ƙauyenmu, wanda yanzu yake kwance ƙarƙashin tafki. Kafin ruwa ya iso na bi gida-gida na ɗauki hoton kowace ƙofa. Na jera su a shafin, na rubuta musu ɗan JavaScript: ka kai kibiyar linzami kan ƙofa ta buɗe a hankali, sunan masu gidan ya fito, ka janye ta rufe. A bayan kowace ƙofa baƙin launi kawai na sa. Duk ƙofofin suna jin magana, ban da ta kakata Ma'u. Ita in ta buɗe ba ta rufewa.

Ranar da manyan motoci suka kwashe mu, Kaka tana asibitin Sinja ana duba idonta. A wurinmu ba a barin gida haka kawai. Babbar mace a gidan ita ke bi ɗaki-ɗaki ta gaya wa waɗanda ake zaune da su ba a ganinsu, "Mun tashi, ku tashi," sannan ta ja ƙofa da hannunta. Ranar nan direbobi suna ta danna oda, babu wanda ya tsaya. Tun daga lokacin Kaka ba ta cin abincin kirki, ba ta da zance sai na ƙofarta. Likita ya ce ɗan ganin da ya rage mata ba zai daɗe ba. Na yi mata alkawarin zan nuna mata gidanta kafin idon ya tafi, kuma na rantse ba zan kai mata abu a lalace ba.

"Ya zol, mutumina, har yanzu wagga ƙohwa ce?" in ji Uzairu, yana naɗe hannun riga. "Ni na tahi masallaci. In wutar kahraba ta ɗauke kada ka taɓa min inji."

Ya fita ya ja ƙofar shagon.

Na zauna na sake bin layukan ɗaya bayan ɗaya. Babu kuskure. Na kwafo na ƙofar Audi maƙwabcinmu, wadda ke rufewa lafiya lau, na liƙa a wurin ta Kaka. Ta buɗe, ta tsaya. Na share abin da burauza ta ajiye. Na gwada wata burauzar. Na duba CSS har idona ya yi ja. Wallahi na ji kamar in ɗaga kwamfutar in buga da ƙasa. Mutum ya rubuta abu da hannunsa, abin ya tsaya yana yi masa taurin kai!

Haushi ya sa na goge ƙofar ɗungurungum, hoton da layukanta duka, na sake loda shafin.

Tana nan. A buɗe.

Sai wuta ta ɗauke. Fankar sama ta yi ƙara ta tsaya. Hasken fuskar kwamfutata kaɗai ya rage, da muryar ladan can nesa.

Wari na fara ji. Warin laka ta ƙasan ruwa, irin wadda ke manne wa komar masunta. Shagon Uzairu kuwa kullum warin ƙura da hayaƙin inji yake yi.

Ɗis. Ɗis.

Na leƙa ƙarƙashin tebur. Duhu. Na motsa ƙafa, sai na ji takalmina ya ce caɓal.

Na ɗauke hannuna daga linzami. Kibiyar ba ta tsaya ba. Ta bi ƙofofin a hankali, ta wuce ta Audi, ta zo kan ta Kaka. Ƙofar ta ƙara buɗewa, har da kukan ƙyaure, alhali ban sa wa shafin sauti ba.

Bayanta ba baƙi ba ne.

Ruwa ne kore, mai duhu. Ga gadon igiyar Kaka, gansakuka ta rufe shi. Ga tulunta a kwance. A kan gadon akwai masu zama a jere, ƙanana, duk sun juyo suna kallon waje.

"Ba a hwaɗa muna ba."

Ba daga kwamfutar muryar ta fito ba. Daga bayan kunnena ne, da sanyin numfashi.

Na buɗe baki zan yi a'uziyya, harshena ya ƙi.

"Ina Ma'u?"

Ruwan ya kai idon sawuna. Na danna murfin kwamfutar, ya ƙi rufuwa, kamar an sa ƙafa an tokare.

Ya kai gwiwa.

Wani ɗan hannu mai sanyi ya kama bakin wandona.

Na rungumi kwamfutar a buɗe na yi ƙofa. Ta kumbura, ta ƙi. Na doke ta da kafaɗa. Na sake. Hannun ya ja.

"Zan kai ku!" na ce. "Wallahi zan kai ku!"

Ƙofar ta saki, na faɗi a kan busasshiyar ƙasa. Uzairu yana dawowa ya haska shagon da fitilar wayarsa. Ƙasar shagon a bushe take ƙayau. Wandona kuwa yana ɗiga har gwiwa.

Haka na riƙe kwamfutar a cinya a mota, a buɗe, babu wanda ya yarda ya zauna kusa da ni. Na tarar da Kaka a tsakar gida kan tabarma. Na durƙusa na ajiye mata.

"Habboba, kakata, ga gidanki. Amma ƙohwar ta ƙi ni."

Ta matso da fuskarta har hancinta ya kusa taɓa gilashin. Ta daɗe tana kallo.

"Ku gahwarce ni," ta ce a hankali. "Ban samu zuwa ba, ciwo ya riƙe ni. Mun tashi. Ku tashi."

Ta ɗora yatsa a kan gilashin ta ja. Kwamfutata ba irin wadda ake taɓa fuskarta ba ce. Ƙofar ta bi yatsan, ta rufe.

Ranar nan Kaka ta cinye tuwon asidarta har ta nemi ƙari. Kafin damina idon ya tafi gaba ɗaya, ba ta ko yi ƙorafi ba. Shafin yana aiki har yau, kuma abin da ke ci mini rai shi ne ban gyara ko layi ɗaya ba. Na buɗe na duba: layukan ƙofarta da na goge ba su dawo ba.

Sabon gidanmu yana nesa da kogi. Amma kullum da magariba bayan ƙyauren Kaka yakan jiƙe, da sawu ƙanana. Ƙanwata Lubna ta taɓa ɗauko tsumma za ta goge, Kaka ta ji motsinta ta riƙe mata hannu.

"Bar su," ta ce. "Ba su saba da siminti ba tukuna."