Wayoyin da Maikuɗi Ya Ɗaure

Ranar da Adawiyya ta fara ganin Salim, yana bisa rufin zauren babanta a Birnin Gwari yana kafa eriya. Rediyon oba-oba ya kawo, don mutanen Kuyello da Damari su riƙa sanar da Birnin Gwari lafiyar hanyar daji. Da ya sauko ta miƙa masa ruwa, garin kallonta rabi ya ƙare a rigarsa.

Ba a jima ba saƙonni suka fara yawo: "Tauraruwata, yau ma rediyon lafiya lau yake, ganinki kawai ya kawo ni."

Sai dai akwai Maikuɗi mai haɗa sola, wanda ya daɗe yana sonta tana ƙi. Da babanta, Malam Abdulkahar, ya kira shi ya sa wa zauren wutar lantarki, sai Maikuɗi ya haɗa wayar eriya da ta inbata mai ba da wuta ya ɗaure tamau. Daga nan rediyo ba ya komai sai shuu. Gargaɗin Kuyello bai shigo ba, saura ƙiris motar kasuwa ta faɗa hannun 'yan bindiga.

"Wanda ya kasa riƙe amanar gari ba zan ba shi 'yata ba," in ji Malam, ya kuma hana Salim zauren.

Salim ya turo saƙo: "Masoyiya, duba min ko wata wayar wuta ta raɓi tawa. Ba a bi da su hanya ɗaya."

Ta duba, ta ga ɗaurin, ta gane aikin Maikuɗi ne, ranta ya yi baƙi ƙirin. Ta warware, ta nisanta su, murya ta fito tar. Ba ta gaya wa kowa ba. Adawiyya ba ta iya yafiya ba, ni kuwa ban ga laifinta ba.

Ta aika wa Maikuɗi ya zo zance. Ta zauna jikin rediyon, ta danne maɓallin magana a ƙarƙashin mayafi.

"Wai kai ka kashe wa Salim rediyo? Anya kana da wannan wayon?"

"Ni ne mana, gimbiya. Ɗauri ɗaya na yi, na gama da shi."

Ta saki maɓallin. Sai ga muryar shugaban direbobin Kuyello: "Mun ji ka, Maikuɗi. Damari ma sun ji."

Da labari ya iske Malam, da kansa ya je neman Salim, aka ɗaura aure bayan sallar Juma'a. Maikuɗi ya so barin gari a ranar, babu direban da ya yarda ya ɗauke shi, dole ya zauna a shago yana jin guɗa.

Allah ya ba ango da amarya zaman lafiya da zuri'a ta gari.