Hannun Da Bai Nuna Rami Ba

Ranar da ta fara bin ƙungiyar masu keke atisayen doguwar tafiya, koci ya sa ta a bayan wani dogon saurayi mai faɗin kafaɗa.

"Ki manne wa tayarsa," in ji koci. "Katanga muke ce masa. Wanda ke bayansa ba ya jin iska."

Saurayin ya waigo yana ɗaure hular kwano. "Doka ɗaya ce, 'yar'uwa. A layi ba ki ganin hanya, bayana kawai kike gani. In na hango rami zan nuna miki da hannu. Ki yarda da hannuna."

"In ka manta fa?"

"Sai dai in manta sunana."

Ta yi dariya. A hawan tudun ƙarshe ta fita daga bayansa ta wuce fuu, ta bar shi yana haki. Tun daga ranar ya laƙaba mata Tsattsewa, sunan tsuntsuwar nan mai saurin tashi.

Ita ma'aikaciyar ɗakin gwajin jini ce, shi malamin lissafi. Asabar kaɗai suke haɗuwa, sauran kwanakin waya ke aiki.

"Tsattsewata, yau na yi ta waige a aji. Allo kawai na gani a bayana."

"Katangata, ka kula da 'ya'yan mutane. Asabar na tafe."

Babanta tsohon direban babbar mota ne, ya ga abin da titi ke yi wa mutane, don haka ba ya son hawan kekenta. Ga kuma surutun maƙwabta, irin mutanen da ba su taɓa tsinana komai ba amma sun ƙware wajen sanin abin da bai dace da mace ba. Da Katanga ya je gaishe shi, sun daɗe a falo su biyu. Ya fito yana murmushi, ya ce mata Baba ya amince da maganar aurensu. Ba ta tambayi yadda aka yi ba.

Burinta ɗaya ne, a zaɓe ta cikin waɗanda za su je gasar yini guda. Ranar atisayen zaɓe iska na kaɗowa daga gaba. Ƙa'ida ita ce kowa ya ja layi na ɗan lokaci, ya kauce, na bayansa ya karɓa. Lokacin Katanga ya cika, tana bayansa, ya ƙi kaucewa.

"Kauce, layina ne!" ta ɗaga murya.

Ko gezau. Koci na bin su a mota yana kallo, bai tsawatar ba. Da ma haka yake, in dai tayoyi na juyawa ba ruwansa da doka.

Can sai ta ga bayan Katanga ya goce gefe. Hannunsa bai motsa ba. Ramin ya haɗiye tayarta ta gaba, ta ji ƙashin kafaɗarta ya ce ƙas kafin ma ta ji zafi.

A asibiti, yarinyar da aka bai wa gurbinta ta zo dubiya da lemo a leda.

"Ke kam ai kin huta," ta ce tana ɓare lemo. "Da ma ba Katanga ya yi wa babanki alkawarin zai sauke ki daga keke kafin aure ba? Kowa ya sani."

Kowa ya sani, ban da ita.

Da yamma ta tambayi Baba. Ya kawar da kai. "Ya ce in bar masa, zai san yadda zai yi."

Zai san yadda zai yi. Maganar ta fi karayar ciwo. Saƙonnin Katanga suka yi ta shigowa, ɗaya kaɗai ta amsa.

"Ka ce in yarda da hannunka. Na yarda."

Makonni suka wuce. Keken na jingine a bayan ƙofa, tayar gaba a lanƙwashe. Ta daina ci sosai, ta daina tsokanar Baba. Ranar gasar ta kashe waya ta juya fuska bango.

Washegari Katanga ya zo. Ya rame. Ya durƙusa gaban Baba, ya roƙi a kira ta. Ta tsaya bakin ƙofa, hannu rataye a wuya.

"Ban ga ramin ba," ya ce. "Wallahi ban gani ba. Na ƙi kaucewa ne don kada iska ta cinye ki kafin tudu. Na ja har idona ya fara ganin duhu."

"Wa ya sa ka?" ta ce. "Na ce maka ba zan iya ba? Ka tare min iska, ka tare min hanya, ka zo nan ka yanke min hukunci da Baba ina kicin ina haɗa maka shayi. Ni kaya ce?"

"Na yi laifi." Ya juya ga Baba. "Baba, alkawarin nan tsoron rasa ta ne ya sa na yi shi. Na zo in janye a gabanta. Ba zan sauke ta daga keke ba. In wannan ne sharaɗin, na haƙura."

Baba ya daɗe yana kallon keken da ke bayan ƙofa.

"Ina tsoron titi ya kashe min 'ya," ya ce a hankali, "sai ga shi zaman ɗaki na neman yi." Ya miƙe. "Kai malam, ɗauki keken nan ka kai gyara. Sauran maganar ita za ta yanke."

Ba ta yanke da wuri ba. Sai da kafaɗa ta warke, ta koma atisaye, ta tsaya gaban ƙungiya ta tilasta wa koci ya riƙa busa usur duk lokacin sauyin layi. Sannan ta tura wa Katanga saƙo.

"Asabar ka zo. Ni ce a gaba."

An ɗaura aurensu bayan gasar da ta biyo, wadda ta kammala da ƙafafunta. Baba ya dafa kawunansu ya ce, "Allah ya kiyaye muku hanya, ya sa ku riƙa gaya wa juna gaskiya."

Asabar ta farko bayan biki, tana jan layi, ta hango rami. Ta sauke hannu ta nuna.

"Na gani, Tsattsewata!"

Da lokacinta ya cika ta kauce. Ya karɓa, ya ja nasa, usur na tashi ya ba wa na baya hanya.