Saƙon da Ya Ƙi Fita Takarda

"Anti, me ya sa mutumin nan yake kallonki, ba ya kallon kwamfutar?"

Khairat ce, 'yar yayarta mai shekara biyar, da Radiyya ta zo da ita ofis ranar nan. Radiyya ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Shi kuwa Mu'awiyya, sabon ma'aikacin da ke kula da na'urorin kamfanin iri na Makarfi, sai ya sunkuyar da kai yana dariya.

"Ta kama ni. Amma kwamfutar ta gyaru tun ɗazu."

Daga ranar kwamfutar Radiyya ta soma yawan ciwo. Aikinsa shi ne riƙe sabar imel, wato babbar na'urar da duk saƙonnin kamfani ke bi, da tsara dokokin wane saƙo za a iya turawa gaba, wanne za a kulle. Saboda haka ta raɗa masa Malam Kulle. Shi kuma yana ce mata Sanyina.

Wata biyar aka yi, magabatansa suka je Kudan, garinsu Radiyya, neman aurenta. Mahaifinta, Malam Sama'ila, ya sallami ɗalibai ya karɓe su da mutunci, sannan ya kafa sharaɗi ɗaya. Ya binne ɗa guda saboda sikila, kuma Radiyya AS ce.

"Ina son takardar gwajin jininsa a hannuna, ranar Juma'a bayan an sauko. In babu, kowa ya nemi daidai da shi."

Abin ya zo da sauƙi, don asibitin kamfani ya gwada ma'aikatan ofis tun farkon shekara. Mu'awiyya ya buɗe wayarsa ya nuna mata: AA. Ta yi tsalle har mayafinta ya zame. Sai dai da ya danna a buga, saƙon ya ƙi. Turawa ma ya ƙi. Shi da kansa ya rubuta dokar: duk abin da ya fito daga asibiti, a karanta kawai.

Ta kai wa Baba wayar. Bai ma karɓa ba.

"Radiyya, mutumin da aikinsa ke nan, mene ne ba zai rubuta a waya ba? Takarda nake so mai hatimi, in kai wa kawunki da ke aikin lafiya ya duba."

Ja'afar ɗan baffanta, wanda ya daɗe yana sonta, ya samu abin yi. Ya bi dangi yana cewa, "Mai mabuɗi ya ce ƙofa ta ƙi buɗuwa? Akwai abin da yake ɓoyewa. In ya sake wani gwajin ma, sayowa zai yi."

Ranar Laraba ta tare Mu'awiyya a ofishinsa.

"Kashe dokar nan na minti goma. Wa zai sani?"

"Sanyina, yau ake tura sakamakon ma'aikatan sito, mutum arba'in. In na kashe, nasu zai fita tsirara. Akwai masu ciwon da ko matansu ba su sani ba tukuna."

"To ni fa? Sirrin mutanen sito ya fi ni?"

"Ba haka ba ne."

"Haka ne mana."

Ta fice. Da la'asar saƙonsa ya shigo:

"Sanyina, ba zan ɓalle ƙofa ba, amma zan yi mata taga. Na rubuta gyara: mai sakamako ya iya buga nasa shi kaɗai, turawa kuwa ta ci gaba da zama a kulle. Saura sa hannun manaja. Ki yi min haƙurin kwana ɗaya."

Ta karanta sau huɗu kafin ta amsa: "Malam Kulle, in Juma'a ta wuce, sai ka auri sabar taka."

Manajan, Alhaji Sada, ya sa hannu ranar Alhamis yana tsokana, wai bai taɓa ganin doka mai neman aure ba. Juma'a da sassafe Mu'awiyya ya shigar da gyaran, ya gwada da saƙon wasa, ya yi aiki. Radiyya tana tsaye a kansa. Ya buɗe sakamakonsa, ya danna.

Ya ƙi.

Ya dafe kai. "Na manta. Gyaran ba ya taɓa tsohon saƙo. Sai an sake turowa."

Mai turowar ita ce Sista Mukarrama ta asibitin, tsohon saƙon a akwatinta kaɗai yake, ita kuwa tana wankan jego a gidan iyayenta a Saulawa. Wayarta ba ta shiga. Ƙarfe tara da rabi.

Radiyya ta ɗaure mayafi. "Kai zauna gaban na'urar buga takarda. Ɗakin mai jego ba wurinka ba ne."

Mota zuwa Ikara, daga nan acaɓa. Ta samu Sista zaune da jaririya a cinya da kofin kunun kanwa. Sai da aka yi barka, aka tambayi mai jiki da kwanan jaririya, aka gaida kaka, kafin ta iya faɗin abin da ya kawo ta.

"Ke ƙanwata, a garin nan sabis sai gindin rimin da ke bayan gidan nan," in ji Sista. Kakar ta ce mai jego ba ta fita ko nan da can. Aka yi ta roƙo, daga ƙarshe ta yarda da sharaɗin a lulluɓe ta da bargo. Haka suka tsaya su uku a gindin rimi, Sista ta ɗaga waya sama tana juyi, kaka na riƙe da jaririya tana faɗa.

Sha biyu saura kwata saƙo ya shigo wayar Radiyya:

"Ta fito, Sanyina. Da hatimi, da ɗuminta. Ina hanyar Kudan."

Tana isa gida an sauko daga masallaci. Ta laɓe bayan zaure. Kawunta ya duba takardar ya gyaɗa kai, amma Baba bai saki fuska ba.

"Me ya sa sai yau, alhali mabuɗin yana hannunka?"

Mu'awiyya, yana durƙushe, ya faɗi maganar mutanen sito kamar yadda take. Ja'afar ya soma magana, Baba ya ɗaga masa hannu.

"Wanda ya yarda ya rasa abin da yake so don kada asirin wasu ya tonu, shi nake nema wa 'yata. Na ba ka."

Radiyya ta toshe baki da mayafi, ta ruga cikin gida, inda guɗa ta riga ta tashi.

Bayan girbin masara aka ɗaura. Mutanen sito suka zo mota guda, ba su ma san me ya yi musu ba. Allah Ya ba su zaman lafiya da zuriya mai lafiya.

Ke kuma 'yar'uwa, ki ji ni da kyau. Kada ki bari a sa miki rana ba ki ga takardar gwaji da idonki ba, komai zaƙin bakinsa. Wanda duk ya taɓa kwana da yaro mai sikila a gadon asibiti ya san wannan ba maganar wasa ba ce.